Baba Ne Mai Ciwon, Don Me Shi Kaɗai Ake Ɓoye Wa?

Watannin baya na je dubiya wani asibiti a nan Zariya. Majinyacin dattijo ne maƙwabcinmu, abokin mahaifina tun suna makarantar allo, don haka Baba nake ce masa. Ban kai ga ɗakin da yake kwance ba na tarar da babban ɗansa a baranda ya tare likita, ya sassauta murya yana cewa, "Likita, don girman Allah kada ka faɗa masa. Mun ce masa shawara ce da olsa. A bar shi a haka."

Ciwon daji ne na hanta, kuma ya riga ya ci ƙarfinsa. 'Ya'yansa sun sani. Matansa biyu sun sani. Surukai sun sani. Hatta mai Keke Napep ɗin da ke kawo abinci daga gida ya sani, domin a bayansa ake zama ana kuka. Mutum ɗaya tak aka haɗa baki a kansa, shi ne mai hantar.

Tun ranar abin yake ci mini rai. Ni dai a ganina, idan uba yana cikin hankalinsa, kuma likitoci sun tabbatar ciwonsa ya wuce warkewa, haƙƙinsa ne a ba shi damar sani. Ɓoye masa da muke yi muna kiransa tausayi, sau da yawa kanmu muke tausaya wa, don ba za mu iya kallon idonsa mu faɗi maganar ba. Ba ina cewa 'ya'yan Baba mugaye ba ne. Na ga yadda suka yi kwana zaune, na ga ƙaramar 'yarsa tana goge masa baki da gefen mayafinta. Ƙauna ce ta sa su. Amma ƙauna ma tana kuskure.

Wai ku a zatonku bai sani ba?

Baba dillalin manyan riguna ne. Fiye da shekara arba'in yana yanka shadda, ya rarraba wa masu ɗinkin hannu a lungunan cikin birni, ya karɓo ya kai wa mabuga, sannan ya sayar. Mutum ne da idan ka shigo zaurensa, kallo ɗaya zai yi maka ya faɗi yadi nawa za ka ci.

Wata rana bayan la'asar na same shi shi kaɗai, mai jinyar ta je alwala. Ya ɗago hannu ya nuna mini zobensa na azurfa. Da a ƙaramin yatsa yake sa shi, yanzu ya koma babban yatsa, a can ma yana juyawa. Ya ce, "Ɗana, ni da nake auna mutane da ido, ni za a ce ban san awona ba? Olsa ce take kumbura ciki ta tsotse wuya?"

Na yi shiru. Ya ci gaba a hankali, yana hutawa tsakanin kalma da kalma. Ya ce yaron nan nasa da ke aiki a Fatakwal, wanda sai da salla ake ganinsa, ya zo sau biyu cikin wata guda. Ya ce uwargida da ta shekara goma tana hana shi gishiri da tsire, jiya da kanta ta tambaye shi ko yana marmarin balangu. Ya ce duk gidan babu mai yi masa musu kuma, ko me ya faɗa sai a ce "to, Baba." Sai ya yi ɗan murmushi ya ce, "Amma kada ka gaya musu na gane. Hankalinsu zai tashi."

Kun san abin da na ce masa? Na ce, "Haba Baba, cuta ba mutuwa ba ce, za ka tashi in sha Allahu." Ya kalle ni, ya mai da hannunsa ƙarƙashin bargo. Bai sake tayar da maganar ba. Ƙofa ya buɗe mini, ni kuma na rufe ta da hannuna. Don haka duk abin da zan faɗa a nan, da ni a cikin masu laifin.

Jiki magayi ne. Dattijon da ya yi wa iyayensa da abokansa wanka, ya sa su a rami da hannunsa, ya fi mu sanin kamannin ciwon ajali. Abin da ɓoyon ke haifarwa shi ne kowa ya koma yana wasan kwaikwayo: su suna yi masa, shi yana yi musu, kowa na kuka a ɓoye. Mutum yana tsakiyar 'ya'ya da jikoki, amma a kan abu mafi girma da ke gabansa ba shi da abokin magana ko ɗaya.

"Idan ya ji zai karaya, ya tafi da wuri"

Wannan ce hujjar da aka fi kawowa, kuma ba zan raina ta ba. Akwai mutanen da mummunan labari yake kayar da su. Akwai kuma faɗa na rashin tausayi, a tsaya a kan mutum ana rubutu a fayil a ce masa "babu abin da za mu iya yi maka," a wuce gado na gaba. Wannan kam zalunci ne, ba shi nake kira a yi ba.

Amma cewa sanin gaskiya yana gajarta kwana, ban yarda ba. A 2010 an wallafa wani bincike da aka yi a birnin Boston na Amurka a kan majinyata 151 masu ciwon dajin huhu da ya riga ya bazu. An raba su gida biyu. Kashi ɗaya aka ci gaba da ba su magani kamar yadda aka saba. Ɗaya kashin, ban da maganin, tun da wuri aka haɗa su da ma'aikatan kula da sauƙaƙa wahala, masu zama da majinyaci su tattauna halin da yake ciki da abin da yake so a yi masa. Waɗannan na biyun sun fi samun kwanciyar hankali, damuwarsu ta ragu, kuma a matsakaicin lissafi sun rayu wata 11.6, na farkon kuwa wata 8.9. Boston ba Zariya ba ce, na sani. Amma dai magana a fili ba ta kashe su ba.

Kuma ba wanda ya ce a ɗura wa mutum abin da bai nema ba. Tambayarsa ake yi: "Baba, sakamakon gwaji ya fito. Kana so likita ya yi maka bayani da kanka, ko ka wakilta Yaya ya ji?" Idan ya ce ku je ku ji, ni na bar wa Allah, shi ke nan, ya zaɓa, a girmama zaɓinsa. Wannan daban ne da a zauna a tsakar gida a yanke hukunci a bayan idonsa, kamar yaron goye.

"Likita ai ba Allah ba ne"

Gaskiya ne. Babu likitan da ya san ranar kowa, kuma likitan kirki ba ya yanka wa mutum rana. Abin da ya sani shi ne ciwon ya kai inda magungunan da ke hannun ɗan Adam ba sa mai da shi baya. Faɗin wannan ba shiga hurumin Ubangiji ba ne, kamar yadda manomi yake kallon hadari ya ce a kwashe shanya.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke fakewa da addini a nan, alhali addinin ne ya fi matsa mana a kan shiri. A garin da kowace unguwa akwai zauren karatu, wa bai ji hadisin Ibn Umar ba, cewa bai kamata Musulmin da yake da abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa na rubuce ba? Wa bai ji cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya ba?

Lokacin da aka soki Sayyidina Umar, an ba shi nono ya sha, nonon ya fito ta inda aka soke shi. Kowa ya gane, shi ma ya gane. Ba a ce masa ƙwarzane ba ne. Sai ya sa ɗansa Abdullahi ya lissafa bashin da ke kansa, aka samu wajen dubu 86, ya faɗi yadda za a biya. Ya aike shi wurin Nana A'isha neman izinin a binne shi kusa da abokansa biyu. Ya tsara yadda za a zaɓi magajinsa. Duk wannan a cikin 'yan kwanaki, saboda ya san inda yake.

Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas kuma ya kwanta ciwo a Makka har yana ganin tafiya ce, ya tambayi Annabi (SAW) nawa zai bayar daga dukiyarsa, aka tsayar masa da sulusi. Ya warke, ya yi shekaru masu yawa bayan haka. Ashe shirin tafiya ba ya kiran tafiya.

Ga wani abu da ya shafi gidajenmu kai tsaye. A gidan Baba akwai marayu uku, 'ya'yan ɗansa da ya rasu a hatsarin mota shekarun baya. Shi yake ci da su, shi yake biya musu kuɗin makaranta. A hukuncin gado, jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa ba ya gado matuƙar akwai baffanninsa maza. Hanyar da shari'a ta bar wa kakan ita ce ya yi musu wasiyya daga cikin sulusi. Wannan magana ce da bakinsa kaɗai zai iya faɗa, a gaban shaidu, yana cikin hayyacinsa. Duk ranar da aka ƙara ana ce masa olsa ce, rana ce da aka zare daga rabon yaran nan. Ciwon hanta kuwa idan ya yi nisa yana taɓa hankali, mutum ya fara ruɗewa, ya yi ta barci. Lokacin magana yana ƙarewa kafin numfashi ya ƙare.

Kunya, da bakin da ya dace ya faɗa

Wani zai ce, a al'adarmu ɗa ba ya kallon ubansa ya yi masa zancen mutuwa. Ɗan fari ma ko sunansa uban ba ya kira, ina ga wannan. Na yarda. Amma Bahaushe bai taɓa rasa hanyar isar da magana mai nauyi ba. Neman aure ma ba yaro ke zuwa da kansa ba. Akwai aminin uba, akwai ƙanensa, akwai limamin unguwa da suka shekara talatin a sahu ɗaya. A zaunar da ɗayansu tare da likita, a rufe ƙofa, a rage jama'a, a faɗa kaɗan a saurara, ya yi tambaya a amsa iya abin da ya tambaya. Ba lallai a gama a zama ɗaya ba.

Dokar ƙasa ma tana tare da majinyaci. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta ɗora wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majinyaci halin da lafiyarsa ke ciki, da hanyoyin magani da ke akwai, da haƙƙinsa na ƙin karɓar magani. Ta togace inda akwai ƙwaƙƙwarar hujja cewa sanarwar za ta cutar da shi. Roƙon babban ɗa a baranda ba ita ce ƙwaƙƙwarar hujja ba. Mu ne muke saka likitoci a tsaka mai wuya, don sun san wanda ke biyan kuɗi shi ke iya ɗauke majinyaci ya tafi da shi wurin mai magani gobe da safe.

Akwai kuma abin da ɓoyo ke jawo wa masu rai. Yawancin ciwon dajin hanta a ƙasashenmu daga ƙwayar cutar hanta nau'in B yake tasowa, wadda ke iya zama a jiki shekara da shekaru ba alama. Tana yawo a cikin gida, tsakanin miji da mata, daga uwa zuwa jariri, ta aska da reza. Sai a 2004 aka sa rigakafinta cikin alluran yara a Najeriya, ke nan manyan gidan duk ba su samu ba. Gidan da aka ce shawara ce, wa zai tashi ya je gwajin jini?

"Me mutane za su ce?"

Nan ne gizo ke saƙar, kodayake ba a faɗa da baki. Tsoron kada a ce 'ya'yan wane sun bar ubansu ya mutu suna ƙyashin kuɗi. Saboda wannan tsoron sai a shiga kashe kuɗi ba don majinyaci ba, don idon jama'a.

A Najeriya fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin lafiya daga aljihun mutane yake fita. A gidan Baba an fara da adashi, aka sayar da shanu biyu, aka kai ga gonar da ya gada a hanyar Giwa. An sake hoton da aka riga aka yi. An fara zancen Indiya da Masar. A gefe guda kowane mai dubiya da nasa maganin: wannan ya kawo jarka, wancan ya kawo ƙullin gari, wata ta rantse jifa ne, akwai wani malami a ƙauye kaza. Duk aka ɗura wa hantar da ta riga ta gaji. Ba wanda ya tambayi mai gonar ko ya yarda a sayar. Na san Baba. Da an tambaye shi, da wuya ya zaɓi a rabu da abincin gidansa don a ƙara masa sati biyu a gadon asibiti. Ko da kuwa zai zaɓi hakan, ai gonarsa ce, shi ya kamata ya faɗa.

Kada a yi mini gurguwar fahimta. Ba kowane ciwon daji ne ajali ba. Ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta duniya ya nuna a 2022 an samu sababbin masu cutar kusan 128,000 a Najeriya, kusan 80,000 suka rasu, kuma babban dalili shi ne zuwa asibiti a makare. Camfin nan na cewa daji ba ya son ƙarfe, kada a yi allura kada a yi aiki, ya kai mutane da yawa kushewa. Wanda aka gano nasa da wuri, a sayar da abin da za a sayar a yi masa aiki, a yi masa kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji, a yi masa gashi da na'ura. Mu a Zariya ma mun yi sa'a, asibitin koyarwa na Shika yana da sashen ciwon daji da mutane ke zuwa daga jihohi masu nisa, kuma yana cikin asibitoci shida da aka fara asusun tallafin gwamnatin tarayya ga masu ciwon dajin mama, na bakin mahaifa da na prostate, wato ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar maza. Maganata a kan wanda likitoci suka ce an wuce wannan matakin ce.

Barin neman warkewa ba barin majinyaci ba ne

Da yawa suna ganin idan an yarda ciwo ba zai warke ba, to an naɗe hannu ke nan. Alhali a nan ne jinya ta gaskiya take farawa: a kashe raɗaɗi, a tsayar da amai, a zuƙe ruwan cikin idan ya hana numfashi, a riƙa juya shi kada baya ya yi gyambo, a ba shi abin da ransa ke so ko cokali biyu ne na kunun gyaɗa, a daina yi masa ɗure.

Raɗaɗin ciwon daji yana da magani, kuma ba mai tsada ba ne. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin hawa-hawa, daga farasitamol har zuwa mofin. A Yuganda, Dakta Anne Merriman ta kafa cibiyar kula da irin waɗannan majinyata a 1993, ana haɗa ruwan mofin na sha a kwalba ana ba mutane a gidajensu, har ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi. A Ibadan ma asibitin koyarwa yana da irin wannan sashe. Mu a nan, saboda ɓarnar da kodin da tiramol suka yi wa matasanmu, da an ce mofin sai gaban kowa ya faɗi: kada Baba ya zama ɗan ƙwaya, ko kuma allurar ƙarasawa ce. Dattijon da ke murƙususu yana cizon matashi da tsakar dare ba maye yake nema ba. Idan likita ya auna masa daidai, ana ba shi a kan lokaci, zai samu barci, zai iya salla ko da a kwance, zai iya magana da iyalinsa.

To amma ta yaya za ka nema wa mutum wannan alhali ka ce masa olsa ce? Ta yaya za ka tambaye shi ko ya fi son ya koma ɗakinsa, inda yake jin kiran sallar masallacin da ya saba, jikoki na shige da fice? Ƙarya ɗaya sai ta toshe duk waɗannan ƙofofin.

Kuma a tuna da masu ɗauke da jinyar. Mazan suna turo kuɗi suna buga waya, "ya mai jiki?" Matan ne ke kwana a tabarma ƙarƙashin gado, su wanke, su shafe, su zubar, sannan a ce kada su kuskura fuskarsu ta nuna komai. Uwargidan Baba ta shekara arba'in da wani abu tare da shi. An hana ta ko da neman gafarar juna irin ta masu rabuwa, don kada ya gane abin da ya riga ya gane.

Baba ya rasu a asibiti wani dare, bayan kwana huɗu ba ya gane kowa. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Ranar sadakar uku muna zaune a ƙofar gida, sai ga wani tsoho mai ɗinki daga cikin birni, da ƙullin leda a hammata. Bayan ya yi gaisuwa ya kwance, riguna biyu ne na shadda, ɗaya an gama aikin wuya, ɗaya zane ne kawai ba a fara ba. Ya ce marigayi ne ya ba shi, ya ce na wasu mutane ne da suka riga suka biya rabi, amma bai faɗa masa sunansu ba. Babban ɗan ya shiga ya ɗauko littafin Baba. Lambobi ne birjik da ajami, wasu an soke, wasu ba a soke ba, babu suna ko ɗaya sai alamomin da shi kaɗai ya san ma'anarsu. Aka miƙa wa wannan, aka miƙa wa wancan. Marayun nan uku suna gefe suna zuba wa baƙi ruwa a buta.